Araha da Amana a Ginin Talaka

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya bi hanyar Minjibir ko Ɗambatta ya san ƙasa ta yi tsada. Gona na manne da gona, kowane kududdufin da aka haƙa don tubali kuwa, abincin wani gida ne ya ragu. Siminti kuma ya fi ƙarfin manomi. Shi ya sa masana ke cewa a koma ga abin da masana'antu da mahaƙa ke zubarwa, a yi bulo da shi. A Indiya, alal misali, a 1999 hukuma ta wajabta sanya tokar kwal cikin bulon da ake yi kusa da tashoshin lantarki.

Wannan dabara ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu kan kwashe katsi daga gindin karofin marina, su busar, su ƙona, su daka, su haɗa da gashin jima da dafara. Shi ne laso, wanda ake shafe soro da shi ruwa ya kasa ratsawa. Watau sharar marini da ta majemi ita ce dukiyar magini. Ashe abu ba ya zama shara sai an jahilci amfaninsa.

To, amma ga tambaya: ya halatta a ba talaka kowace irin shara don kawai tana da araha? Ni dai na ce a'a. Maginin da ya san abin da ke cikin katsi, domin kaka da kakanni sun jarraba shi. Turɓayar mahaƙa kuwa, ido ba ya rarrabe mai lafiya da mai guba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara, saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Da irin wannan ƙura za ta shiga bango, da yaro ya kwana yana shaƙarta shekara da shekaru.

Wani zai ce gwaji na ƙara kuɗi, mai neman inuwa kuma ba ya jira. Gaskiya ne. Sai dai mai saye ba shi da ɗakin gwaji, ya dogara ne ga wanda ya sani, wannan kuwa shi ne amana. Nauyin gwajin yana wuyan mai masana'antar da ya rabu da shararsa ya ci riba, da kuma mu da aka ilmantar da harajin manomi. Bulon da ba za mu yarda mu gina ɗakin iyayenmu da shi ba, kada mu kai shi ƙauye. Allah Ya sa mu gane, amin.