Wa Ke Kai Ruwa Ƙololuwar Maɗaci?

Ya kai ɗan'uwa matashi, dubi maɗaci: ba guga, ba famfo, amma ruwa na hawa har ƙololuwarsa. To, saurara ka ji hikimar Ubangiji. Saiwa ke tsotso ruwa da gishirin ƙasa. Rana ta bugi ganye, ruwa ya fice ta ƙananan ƙofofinsa, wannan fitar ita ke janyo na ƙasa ta siraran jijiyoyin itace. Abincin da ganye ya haɗa kuwa, ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Saboda haka in ka kewaye gindinsa da sassaƙe don magani, ka yanke wa saiwa abinci, ya bushe a tsaye. Wallahi ɓarna ce! Ji tsoron Allah, ɗebi gefe guda, bar saura. Allah Ya sa mu gane.