Laifin Ƙadangare Ko Laifin Bango?

Duk wanda ya saba zama teburin mai shayi a nan Gyallesu, ko majalisun bakin titin Tudun Wada bayan sallar isha'i, ya san ba a rasa gardama a kan al'amuran duniya. Wannan ɗan Rasha ne, wancan ɗan Amurka, ga wani can yana rantsuwa cewa ƙasar Sin ce za ta gaji kowa. Sai ka ga mutum bai biya bashin shayin jiya ba, amma ya gama raba ƙasar Yukren, har jijiyar wuyansa ta tashi. Mu ma malaman makaranta ba mu tsira ba, don kuwa ɗakin hutun malamai ya sha zama ƙaramar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wannan ɗabi'a ba daga sama ta faɗo ba. BBC ta fara yi mana magana da Hausa a 1957, Jamus da Sin suka biyo baya a 1963, Amurka a 1979, Faransa kuma a 2007. Mun ƙaru da su ƙwarai, ba ma musu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Babbar ƙasa ba ta ɗawainiyar koyon harshen talaka don tsabar ƙauna, sai don tana so in an yi gardama a teburin mai shayi a sami mai tsaya mata.

To, tambayar da muke son mu tattauna da 'yan'uwa marubuta ita ce: idan mai ƙarfi ya shigo gidan marar ƙarfi ya yi kane-kane, laifin wa ya fi girma? Na wanda ya shigo, ko na wanda ya kira shi, ko kuwa akwai wani na uku da muke mantawa da shi? Ba sai mun je nesa neman misali ba, ga shi nan a bayan ganuwar Zazzau.

A 1901 Turawan Ingila suka kori Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse daga Kwantagora. Da ya baro garinsa sai ya faɗo ƙasar Zazzau da mayaƙansa, yana kai hare-hare a ƙauyuka. Shi kuwa jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, wato ɗan gida ne, ba baƙo ba. Da abin ya ishi Sarkin Zazzau Kwasau, sai ya nemi gudummawar Turawa a farkon 1902. Suka zo, suka kama Nagwamatse, talakawa suka sami sa'ida. Amma sojan da ya zo taimako bai koma ba. Suka kafa bariki, suka ajiye Razdan. Ba a daɗe ba suka ɗauke shi kansa Kwasau zuwa Wushishi, bai sake komawa gadonsa ba, aka naɗa Aliyu Ɗansidi a 1903. Daga nan Zariya rundunar da ta ci Kano ta tashi, Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato ta bi baya a watan Maris. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, daga baya Turawan nan suka mayar da Nagwamatse kan sarautar Kwantagora. Wanda ya kai ƙara ya rasa rawani, wanda aka kai ƙara ya koma gida. Shi ma Aliyu Ɗansidi, sarkin nan mawaƙi da muke alfahari da shi, da suka gaji da shi Lakwaja suka kai shi.

Abu ne mai sauƙi yau mu zauna a inuwa mu ce Kwasau ya yi kuskure. Amma mu yi masa adalci. Me sarki zai yi, alhali ana ƙone rumbunan talakawansa, ana kama 'ya'yansu? Ya naɗe hannu don kada tarihi ya zarge shi? Bugu da ƙari, ko da bai kira su ba Turawa na tafe, ga Kano nan da ta yi yaƙi, ba ta tsira ba. Su kuma Turawan, zarginsu da kwaɗayin ƙasa tamkar zargin kura ne da cin nama, gaskiya ne, amma ba ya tsare garke. A ganinmu laifin da ya fi nauyi yana wuyan na ukun nan, wato ɗan'uwan da ya matsa wa ɗan'uwansa har ya ga baƙo ya fi masa sauƙi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun iya tsine wa ƙadangare, ba mu cika tambayar wanda ya tsaga bangon ba.

Akwai kuma wani darasin. Manyan ƙasashe kan yi faɗa, kuma sukan shirya, ba tare da sun shawarci wanda ya yi musu kara ba. Ingila da Faransa sun yi shekaru suna tseren mallakar ƙasashenmu. Da suka sasanta a 1904, sai suka gyara iyaka don Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Su sun sha hannu sun wuce, mu aka bari da layin da ya raba Katsina da Maraɗi, ya mayar da ɗan kawu ɗan wata ƙasa.

Layin nan ne ya kusa zama filin daga a zamaninmu. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Bazoum a Nijar. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, ta yi barazanar yaƙi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarki. Nan da nan majalisunmu suka rabu, wasu na cewa Faransa ce ke zuga wannan ɓangare, wasu na cewa Rasha ce ke bayan wancan. Kafin ƙarshen 2023 sojojin Faransa sun fice daga Nijar, a 2024 masu horar da soja daga Rasha suka iso, na Amurka suka bar Agadas. Wani baƙo ya fita, wani ya shigo. Amma wa ya sha wuya? Direban da kayansa suka ruɓe a Jibiya da Illela, da majinyacin da ke kwance cikin duhu a Yamai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya yi mana rana shi ne waɗanda suka tuna da zumunci kafin su tuna da ɓangare. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka tafi Yamai, malamai ma suka bi sahu. Ba su warware komai da komai ba, don Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairu 2025, amma dai ba a harba bindiga tsakanin 'yan'uwa ba.

Mu mazauna Gyallesu ba labari aka ba mu ba. A Disamba 2015, lokacin arangamar sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky, sunan 'yar unguwarmu ya shiga gidajen rediyon duniya, har shugaban Iran ya buga wa shugaban Nijeriya waya. Kwamitin binciken da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ya ce an binne mutum 347 a kabari guda. Ko mene ne ra'ayin mutum game da ɓangarorin, abu ɗaya ba ya musuntuwa: na nesa sun yi sharhi sun juya ga wani labarin, mu ne muka kwana da makoki, mu ne kuma za mu ci gaba da haɗuwa a kasuwa ɗaya.

Wani zai ce, to sai mu rufe ƙofa ke nan? A'a, ba mai iyawa. Ƙasar da ke sayen magani da injina daga waje ba ta da halin yin fushi da duniya. Amma ciniki daban, jingina daban. Mai ciniki yakan taya, in bai yi masa ba ya ƙara gaba. Wanda ya jingina kuwa, ranar da aka janye kafaɗa sai ya sha ƙasa, ai kayan aro ba ya rufe katara. Kuma ba wanda zai iya tayawa da ƙarfin zuciya alhali gidansa na ci da wuta. Saboda haka muke ganin manufar hulɗa da ƙasashen waje ba daga ofishin jakada take farawa ba. Daga kotun da ta yi wa talaka adalci take farawa, da shugaban da bai mayar da wani yanki saniyar ware ba, da maƙwabcin da bai kai ɗan'uwansa bango ba.

'Yan'uwa marubuta, nan namu aikin yake. Labarin mugun baƙo da salihan 'yan gida yana da daɗin rubutawa, yana da kasuwa, amma rabin gaskiya ne. Wanda zai rubuta mana labarin Kwasau, muna roƙonsa ya shiga zuciyar sarkin a daren da ya yanke shawarar aikawa, ya kuma nuna mana ƙauyen da Nagwamatse ya ƙona kafin ya nuna mana barikin Bature. In kuma aka tambaye mu a teburin mai shayi, ku na Rasha ne ko na Amurka, ba laifi mu ce mu na Tudun Wada ne, muna da bangon da za mu yaɓe kafin damina.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya haɗa kanmu, amin.