Mumbari da Ɗan Takara: Gardamar da Ake Yi a Amurka

 Filin wannan mako zai duba wata gardama da ta daɗe tana gudana a ƙasar Amurka, watau ko ya kamata a ƙyale majami'u da masallatai da ƙungiyoyin taimako, waɗanda gwamnati ta yafe wa haraji, su fito fili su ce a zaɓi wane, kada a zaɓi wane.

Asalin maganar ya faro ne a shekarar 1954, sa'ad da Lyndon Johnson, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yake ɗan Majalisar Dattawa daga jihar Teksas. Shi ne ya sa aka ƙara wani sharaɗi cikin dokar haraji, cewa duk ƙungiyar addini ko ta taimako da aka ɗauke wa haraji ba za ta sa hannu cikin yaƙin neman zaɓe ba, ko don goyon bayan ɗan takara ko don sukarsa. Wadda ta saɓa tana iya rasa wannan rangwame. Sharaɗin ya hau kan coci, ya hau kan masallatan Musulmin Amurka da wuraren ibadar Yahudawa, har da makarantu da asibitocin jinƙai.

Ba safai ake zartar da hukuncin ba. Misalin da aka fi sani shi ne na wata coci a jihar Niyok, wadda a 1992 ta sayi shafi a jaridu tana gargaɗin Kiristoci kada su zaɓi Bill Clinton, tana kuma roƙon gudummawa. Hukumar haraji ta janye mata rangwamen a 1995, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2000. A 2017 Steve Scalise da Jody Hice a Majalisar Wakilai, da James Lankford a ta Dattawa, suka gabatar da ƙudurin da zai halatta irin wannan magana, muddin an yi ta cikin ayyukan ƙungiya na yau da kullum, ba tare da kashe ƙarin kuɗi mai yawa ba. Ƙudurin bai zama doka ba a wannan zama. Sa'an nan a watan Yuli na 2025 hukumar haraji ta shaida wa wata kotu a Teksas cewa a ganinta, wa'azin da limami ya yi wa jama'arsa a kan zaɓe yayin ibada bai saɓa wa sharaɗin ba.

Masu goyon bayan ƙudurin suna da hujja wadda bai kamata a raina ba. Sun ce tsarin mulkin ƙasarsu ya ba kowa 'yancin magana da na addini, to, ina dalilin da ma'aikacin haraji zai zauna yana auna kalmomin huɗuba? Lalle wannan abin tsoro ne, domin hukumar da ta sami ikon tace wa'azi yau saboda zaɓe, gobe tana iya tace shi saboda wani abu dabam, marasa rinjaye kuwa su ne kan fara ɗanɗana kuɗarta.

Amma fa akwai bambanci tsakanin faɗin gaskiya game da al'amuran jama'a da tallan ɗan takara. Sharaɗin Johnson bai hana mai wa'azi la'antar zalunci ko cin hanci ko wariyar launin fata ba. Shaida kuwa ita ce, gwagwarmayar baƙar fata da Martin Luther King ya jagoranta ta taso ne daga majami'u, tun daga ƙaurace wa motocin safa na Montgomery a 1955, shekara guda bayan kafa sharaɗin. Abin da aka hana shi ne a ɗauki sunan gidan ibada da dukiyarsa a jingina su ga mutum guda mai neman kujera.

Dukiyar nan ita ce gindin maganar. A Amurka, wanda ya ba coci ko masallaci sadaka yana iya cire ta daga kuɗin da za a lissafa masa haraji, alhali wanda ya ba ɗan siyasa gudummawa ba shi da wannan dama. Haka kuma ba a tilasta wa gidajen ibada miƙa bayanin kuɗinsu na shekara kamar sauran ƙungiyoyi. In an buɗe ƙofa, attajiri mai son ɓoye hannunsa zai ga hanya mai sauƙi: ya gina wa jama'a ɗaki, ya saya wa limami mota, sa'an nan ya jira ranar zaɓe. Ko da ba a kashe ko kwabo a kan talla ba, in baki ya ci ido kan ji kunya. Tsoron wannan ne ya sa shugabannin addinai fiye da 4,000 suka sa hannu a wasiƙa zuwa majalisa a 2017 suna roƙon a bar sharaɗin yadda yake.

Tarihin Musulunci ya san wannan ciwo. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin Banu Umayya an mai da mumbari wurin zagin Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, har sai da Umar ɗan Abdul'azizu ya hau halifanci a shekara ta 99 bayan Hijira ya hana. Imam Abu Hanifa kuwa ya ƙi karɓar alƙalanci daga Halifa Mansur, ya gwammace kurkuku. Waɗannan bayin Allah ba su yi shiru a kan al'amuran mulki ba. Abin da suka ƙi shi ne harshen malami ya zama mallakar mai mulki.

Wanda ya shiga ɗakin ibada ya ajiye jam'iyyarsa a bakin ƙofa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da abokin hamayyarsa, ba ya kuma da ikon katse mai huɗuba ya yi masa gardama. Wannan shiru amana ne. Limamin da ya yi amfani da shi ya kira sunan ɗan takara ya raba sahu biyu, ya kuma ɗaure mutuncin addini a ƙafar mutumin da gobe yana iya karya alkawari. In hakan ta faru, da wane baki zai tsawata masa?

Saboda haka, ko majalisar Amurka ta sassauta dokar ko ta bar ta, hukuncin ɗa'a bai sāke ba. Abin da doka ta halatta ba lalle ne ya zama abin da ya dace ba. Limami ɗan ƙasa ne, yana da ƙuri'arsa da ra'ayinsa a wajen mumbari. Amma a kansa, aikinsa shi ne ya koya wa jama'a siffofin shugaba nagari, adalci da gaskiya da riƙon amana, ya bar musu ma'auni su auna da kansu. Allah Ya tsare harsunan malamai daga kwaɗayi, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin.