Jika Goma Sha Biyar Saboda Muzuru: Ɓarna Ko Hakki?

Ƴan uwa ɗalibai, a wannan fitowa ba zancen burs zan yi ba. Zancen fitsarin muzuru zan yi. Na san wani zai yi dariya ya juya shafi. Ni ma da bara aka ce mini zan ɓata takarda a kan wannan, da na ce an raina mini hankali. To amma abin ya faru da ni, ya kuma bar mini tambayar da har yau ban gama da ita ba.

A gidan da muke haya a Harobanda, mu biyu a ɗaki, akwai wani jan muzuru mai yagaggen kunne. Nan muka tarar da shi. Mun sa masa suna Kumandan saboda tafiyarsa ta ƙasaita, sai ka ce shi ke karɓar kuɗin haya. Ni na saba masa da ƙofarmu: yau kan kifi, gobe ƙanzon shinkafa. Shekara ɗaya da rabi, duk na dawo daga jami'a zan same shi zaune bakin ƙofa yana jirana.

Cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, wata safiya na gan shi ya je kan tulin rairayin da ke bayan gida. Ya tona, ya tsuguna, ya daɗe, ya tashi babu komi. Jim kaɗan ya sake komawa. Yana wani irin kuka da ban san shi da shi ba, yana ta lasar ƙarƙashin wutsiyarsa. Na ɗauka cikinsa ne ya ɗaure. Matar mai gidan ta ce mini: "Ƙyale shi ɗana, mace shika nema." Na ɗauki jakata na tafi darasi.

Washegari ya ƙi kifi. Ya yi amai, ya je bayan randa ya kwanta. Na shafa ƙasan cikinsa, na ji wani abu mai tauri kamar lemu. Kumandan da a wajena kyanwar Lami ne, ba cizo ba yakushi, ranar ya ƙwala ƙara ya yage mini hannu. Sai na yi abin da kowannenmu ke yi in ciwo ya zo: na je wajen mai tebur na sayo farasitamol. Ina cikin niƙa rabin ƙwaya da cokali wata ƴar ajinmu ta kira ni a kan takardun darasi. Na gaya mata abin da nake yi, ta haɗa ni da yayanta wanda ya yi karatun likitan dabbobi a Dakar. Kafin gaisuwa ta ƙare ya ce: "Ƙanena, zubar da wannan garin yanzun nan."

Ga abin da ya fahimtar da ni. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu. Ƙwayar da ke sauke mana zazzaɓi, ita tana lalata mata jini da hanta, guda ɗaya ta isa ta kashe ta. Ciwon kuma toshewar mafitsara ce. Hanyar fitsarin muzuru ta fi ta mace tsawo da ƙunci, shi ya sa ɗan tsakuwa, ko wani abu mai kama da rairayi da ya cuɗe da majina, ko kumburi kawai, ke iya rufe ta ruf. In ta rufe, mafitsara ta cika ta yi tauri, ƙoda ta tsaya, dattin da ya kamata ya fita ya koma cikin jini, har wani gishiri da ake kira fotasiyom ya yi yawa ya rikita bugun zuciya. Cikin kwana biyu zuwa uku dabba ta mutu. Ya ce kada in kuskura in matsa cikin, mafitsarar na iya fashewa. Ya ce in kai shi yau, ba gobe ba.

Na huda kwali na sa shi, na tari taksi, muka haye gadar Kennedy. Da na ce wa direba wajen likitan dabbobi za ni, ya dubi kwalin ya ce: "Ɗan akuya ne?" Na ce muzuru ne. Bai sake ce mini uffan ba. Likita ya yi masa allurar barci, ya zura wata siririyar roba ya buɗe hanyar. Fitsarin da ya fito ja ne kamar zoɓo. Aka yi masa ƙarin ruwa, ya kwana biyu da robar a jikinsa. Likitan ya yi mini ragi don ya ga ɗalibi ne, duk da haka jika goma sha biyar suka tafi, kuɗin da na ajiye don fotokofi da cefane har ƙarshen wata.

Da dare abokin ɗakina, mutumin Tawa ne, ya zaunar da ni. Mahaifiyarsa na fama da ciwon suga, sau da yawa rabin ordinansi ake saya mata. Ya ce: "Aboki, ka ji tsoron Allah. Jikka sha biyar bisa mussa? Garinmu ɗiyan mutane na kwana da masassara don babu dala ɗari ta magani. Mi za ka ce musu?" Ban iya ba shi amsa ba. Na yi kwanaki ina juya maganar, ga inda na kai.

Da farko, yana da gaskiya a abu guda, kuma ba zan yi masa musu ba: ran mutum ya fi na kyanwa. Da a daren nan an aza maganin innarsa a hannu ɗaya, Kumandan a ɗaya, aka ce in zaɓa, da innarsa zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Sai dai ba haka aka aza mini su ba. Kuɗin nan sun yi sati biyu a jakata, na kuma san ciwon innarsa tun bara, ban ba shi ko dala ba, shi ma bai ce na yi laifi ba. Da sun tafi a fotokofi da shayi da katin waya, ba wanda zai tuna mini da yaran ƙauye. Haka muke: ba mu cika tuno talaka ba sai in muna son hana wani yin wani alherin. Amma wannan hujja ni ma ba ta bar ni ba. Ta nuna cewa ina iya fid da jika sha biyar in ciwo ya kwanta gaban idona, in yana nesa kuwa sai in ce babu. Ke nan maganar abokina ba ta share hakkin muzuru ba, wani bashin ta tono mini wanda nake kauda kai daga gare shi.

Na biyu, don mi ni? Kyanwoyi nawa ke mutuwa a lungunan Yamai ba wanda ya sani? Ban ce dukansu suna wuyana ba. Tun muna makarantar allo muka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Abin da na fahimta a ciki shi ne, hakki yana hawa kan mutum ne daga ranar da wata halitta ta koma hannunsa. Ni ban ɗaure Kumandan da igiya ba, da kan kifi na ɗaure shi. Na ji daɗin ya rage mana ɓeraye, na ji daɗin wani na jirana bakin ƙofa a garin da ba ni da dangi. In na ci moriyar sabo shekara ɗaya da rabi, sannan ranar ciwo na ce "ai ba nawa ba ne", cin moriyar ganga na yi na yada kwaurenta. Ga kuma abin da ya fi damuna: likita ya ce asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta ƙasashe masu fari ne, ba ta cika jin ƙishi ba, fitsarinta kauri gare shi, kuma ƙarancin shan ruwa na cikin abubuwan da ke taimaka wa wannan ciwo. Duk tsawon zamanmu ban taɓa aje masa kwanon ruwa ba.

Na uku, tun da harshe nake karanta, ku bar ni in leƙa kalmominmu. Kyanwa, mage, mussa: duka mata ne a nahawu. Namijin suna guda gare shi, muzuru, kuma da an ambace shi sai a tuna satar nama da ɗaukar ƴan tsaki. In Bahaushe ya ce bisashe, shanu da tumaki da awaki da raƙuma yake nufi, abin da ake kaiwa kasuwa, a yanka, a fid da zakkarsa. Jar akuyar Maradi in ta yi tari za a nemo mata magani, don kuɗi ne ke tari. Kyanwa ba ta da farashi, shi ya sa direban taksi ya yi shiru. Harshe ya riga ya raba mana wanda ya cancanci magani da wanda bai cancanta ba tun ba mu yi tunani ba, kuma ma'aunin da ya yi amfani da shi na kasuwa ne. Ciwo kuwa bai san kasuwa ba. Mafitsarar da ta toshe zafinta ɗaya a jikin rago da na muzuru.

Abin kunyar, tun shekarar farko aka koya mana Saussure da ilimin alamomi. Kumandan ya yi yini da kwana yana yi mini magana da duk alamar da yake da ita, ni kuma na tsallake shi na tafi aji. Da na dawo da tausayina, guba na niƙa masa. Tausayin da babu sani a cikinsa da ya kashe shi da hannuna. Don haka mai muzuru a gida ya riƙe wannan: in ka ga yana ta tsugunawa fitsari ba ya fita, ko yana ɗiga da jini, yana kuka yana lasar gabansa, kada ka jira gobe, kada ka matsa cikinsa, kada ka ba shi maganin mutane. Ka nemi likitan dabbobi a ranar. Kullum kuma a aje masa ruwa mai tsabta a inuwa, a jiƙa masa abinci, don wanda ya taɓa toshewa yana iya sake toshewa.

Kumandan ya dawo, ya rame, amma tafiyar ƙasaitar na nan. Na ƙarasa watan da gari da ƙuli-ƙuli, ina aron takardun ƴan aji ina kwafewa da hannu. Da burs ta fito na ba abokina jika biyar ya haɗa a ordinansin inna. Ya karɓa ya ce: "Wato sai da mussa ta ba ka kunya." Na ce e, haka ne. Har yau yana cewa ɓarna na yi, ni kuma ban gamsar da shi ba. Jiya dai da asuba na ji shi yana zuba ruwan buta a kwanon Kumandan, yana ce masa ya sha, kada ya sake ja mana asara.