Ɗana, Kafin Ka Sayi Kyamararka Ta Farko

Ɗana, na ji labarin ka tara 'yan kuɗi kana son sayen kyamara irin mai madubi a ciki, wadda ake cire mata lensi a ɗaura wani, wato DSLR. Madalla. To, zauna in gaya maka abin da ni ban samu mai gaya mini ba sai da na yi asara.

Ranar da na sayi tawa ta farko, mai shagon ya cika mini kunne da yawan megafiksal, na zazzage masa aljihuna kaf a kan gangar jikin kyamarar, na tafi da ɗan lensin da ake haɗo ta da shi. Mako bai zagayo ba aka kira ni ɗaukar hoto a ɗakin wata amarya bayan magariba, ƙwan lantarki ɗaya ne tal a ɗakin. Duk hoton da na ɗauka ya fito dishi-dishi, lallen hannunta kamar an zuba masa ruwa. Wani dattijo kusa da ni, da tsohuwar kyamara duk ta goge da ɗan guntun lensi, ya nuna mini nasa. Har zaren mayafinta ana iya ƙirgawa. Ran nan na gane ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga sirrin. Cikin kowane lensi akwai ƙofar da haske ke bi, ana auna faɗinta da lamba mai harafin f, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lensin da ake haɗowa da kyamara, 18-55mm, idan ka janyo shi ƙarshe ƙofarsa ba ta wuce f/5.6. Na dattijon nan 50mm ne mai f/1.8, hasken da yake sha ya kusa ninka na wancan sau goma. Shi ne kuma ke fito da fuska tar, ya narkar da abin da ke bayanta. Ga shi yana cikin mafi araha a kasuwa.

Saboda haka ka raba kuɗinka. Ɗauki jiki matsakaici, kamar Nikon D3500 ko Canon 2000D. Duka biyun sun fito a 2018, duka suna da megafiksal 24, wanda ya isa a wanke hoto babba a rataya a falo. Ragowar kuɗin ka sa a lensi mai faɗin ƙofa, da batir na biyu, da memori mai kyau. Jiki yakan tsufa a canza shi, amma lensi na ƙwarai zai bi ka shekara da shekaru.

Ka sani kuma, zaɓen kamfani kamar zaɓen gidan aure ne, da dangi ake haɗawa. Bakin da ake ɗaura lensi a Nikon tun 1959 yake, na Canon kuma tun 1987, kuma na wannan ba ya hawa kan wancan. Kada ka shiga gardamar wane ya fi, ba ta ƙarewa. Dubi abin da ubangidanka da abokan sana'arka ke riƙe da shi ka sayi irinsa, don ka samu na aro da mai nuna maka hanya. In Nikon ka ɗauka, ka kula: ƙananan irin D3500 ba su da injin saita gani a jikinsu, sai lensi mai tambarin AF-S ko AF-P ne zai saita kansa. Tsofaffin, da hannu za ka riƙa murɗawa.

Wani abin lura, allon karɓar haske na waɗannan kyamarori ƙarami ne, don haka 50mm yakan matso da abu kamar yadda 75mm ko 80mm ke yi a kyamara mai babban allo. Ya yi wa hoton fuska daidai, amma a ƙuntataccen ɗaki za ka ja baya har ka jingina da bango. In aikinka na cikin ɗaki ne, 35mm ya fi maka. Dogon lensi kuwa, irin 70-300mm na janyo mahaya daga nesa ranar hawan salla, bar shi tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Tun da manyan kamfanonin nan biyu suka karkata ga kyamarori marasa madubi, na hannu sun yawaita a kasuwa, kuma babu aibu a saye su. Sai dai ba a cinikin biri a sama. Riƙe ta da hannunka. Nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin labulen da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka cikin ƙananan nan an ƙiyasta masa kamar ɗauka 100,000 ne. Cire lensin ka haska shi da fitilar waya. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo a ciki, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Sannan ka ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai ɗige-ɗige.

In ta zama taka, ka ji tsoron ƙurar hunturu da laimar damina. Kada ka canza lensi a fili iska na kaɗawa. Shiga ɗaki, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, kuma kada ka kuskura ka goge gilashi da bakin riga.

Daga nan sai aiki. Ɗaura lensi ɗaya ka bar shi wata uku, ƙafarka ta zama ita ce mai matsowa da ja da baya. Gobe da hantsi ka roƙi mahaifiyarka ta zauna a bakin ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe, ka ɗauke ta har sai ka samu hoton da za ta ce, “Wannan ni ce.” Shi za ka kawo mini in gani. Allah ya sa albarka a sana'a.