Dogon Kafanchan: Wa Ake Tunawa?

Matasa kan fita yawon yini guda: da safe tsohuwar tashar jirgin Kafanchan, da la'asar ruwan Matsirga. Shin ya dace a yi nishaɗi a inda wasu suka sha wuya?

A Tailan, baƙi na cika gadar Kogin Kwai, kan dogon da Japan ta shimfiɗa da aikin tilas a 1942 zuwa 1943. Kaburburan fursunonin yaƙi suna da sunaye. Leburorin Asiya, da suka fi mutuwa, ba su da.

Kafanchan ta zama mahaɗar dogo a 1927. Daga 1942 zuwa 1944 ta nan kuzar Jos ta bi, wadda talakawan diban gwamna suka haƙa cikin sanyin Filato. Hoton matasan ba laifi ba ne. Sai dai kaɗan cikinsu suka taɓa tambayar kakanninsu wa aka ɗiba daga ƙauyensu, bai dawo ba.