Kuɗin Gyaran Gashin Ma'aikaciyar Jinya: Na Aiki Ne Ko Na Kai?

A ƙasashe da dama akan rage wa ma'aikaci haraji gwargwadon abin da ya kashe domin aikinsa. To, shin ya halatta ma'aikaciyar jinya ta sa kuɗin kitso da man gashi cikin wannan lissafi?

Tana da hujja, gama asibiti yana umurtarta da ta tsabtace gashinta ta ɗaure shi, kada ya taɓa miki. Amma hukumar haraji ta Ostireliya ta ce gyaran gashi lalurar mutum ce ta kansa, ko da wurin aiki ya bukace shi. Haka kuma a 1983 kotun ƙoli ta Ingila ta hana wata lauya, Ann Mallalieu, ragi a kan baƙaƙen tufafin shiga kotu, tun da yake sutura bukatar kowa ce.

Ga ma'auni: in ta bar aikin, za ta daina kashe kuɗin? Kitso dai ba za ta bari ba. Hular ɗakin tiyata kuwa za ta ajiye, saboda haka ita ce ta aiki.

Wanda duk ya cusa bukatar kansa cikin lissafin aiki ya ci hakkin jama'a, kome ƙanƙantarsa. In albashi ne ya gaza, sai a nemi ƙari a fili.